Injin Garkuwa Mai Naɗi Tamanin

Ku bar gardamar ƙwallon nan haka, kun ishi mutane. Sallau, matsa min a bencin nan in zauna, in ba ku labarin abin da ya faru a ƙungiyarmu. Wallahi har yau in na tuna sai in ajiye almakashi in yi ta dariya ni kaɗai a shago kamar sabon kamu.

Na san abin da za ku fara cewa: wai ƙatti da gemu, wasu har da furfura, sun taru suna tseren motar wasan yara. To na ji. Ku da kuke kashe murya a kan mutum ashirin da biyu masu bin ƙwallo ɗaya a ƙasar da ko a mafarki ba ku taɓa zuwa ba, ku ne masu hankali. Mu dai motocinmu namu ne, a hannunmu rimot yake, in mun ci mu muka ci. Kuma ba irin motar da ake sayo wa yara da Sallah ba ce, wadda take mutuwa kafin a gama suyar nama. Tamu tsawonta ya kai kamu guda, da tayoyin roba, da batir, da ɗan injin lantarki a cikinta wanda bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. In ta taso a miƙe ta buge ka a ƙwauri, sai ka yi sati kana ɗingishi.

Mu goma sha huɗu ne a farko, duk ranar Lahadi bayan La'asar. Ni Lawandi tela ni ne sakatare, ba don na fi kowa ilimi ba, sai don kullum akwai biro a aljihuna. Filinmu kuwa harabar siton Alhaji Ilu ce, mai sayar da tayil a kan hanyar Zariya. Kaf Funtuwa babu daɓen siminti mai sumul irin wannan. Mun gwada filin makaranta, yashi ya cika mana injuna. Mun gwada bakin tasha, wata tirela ta taka motar Jatau mai kemis, ko taya ɗaya ba a tsinta ba. Saboda haka ku riƙe wannan: in babu harabar Alhaji Ilu, babu ƙungiya.

Shi ne uban ƙungiya, kuma tsakani da Allah mutum ne mai kyauta. Shi yake kafa mana rumfa, ya jera kujeru, ya sa a kawo lemo mai sanyi. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin ƙeyar kowa a gabansa. Bai san komai a kan inji ba, ko sukurudireba bai iya riƙewa ba. In zai yi oda sai ya buga waya ya ce, “A ba ni wanda ya fi tsada.” Shi ke nan iliminsa. Injin da ya zo masa kuwa aljani ne. A kwana sai motar ta yi karo da tsofaffin tayoyin da muka jera, ta wuntsila, a ruga a tayar masa da ita. Amma da ta samu miƙaƙƙiyar hanya, fiuuu, sai dai ka ji iska. Lahadi goma sha ɗaya a jere shi ne na ɗaya. Mutane suka fara janye jiki, wannan ya ce surukarsa ba lafiya, wancan ya ce batir ɗinsa ya kumbura. Kafin ka ce me, mun koma mu shida.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Haladu mai naɗin koyil. Kun san shi, wanda yake da rumfa a bayan 'yan katako, mai gyaran fanka da injin ruwa. Duk cikinmu babu mai hannunsa. In ya shiga kwana sai ka rantse a kan layin dogo motar take. Kuma shi yake gyara mana motoci duka, har da ta Alhaji. Mutum ne da ba ya magana, in ya yi maka jimla uku a yini to ka ci sa'a. Lahadi goma sha ɗayan nan duka shi ne na biyu. A ta ƙarshe na ga ya goge motarsa, ya sa ta a jaka, ya zuge.

Na ce, “Malam Haladu, sai wani satin ke nan?”

Ya ce, “Lawandi, na gaji da zuwa rakiya.”

In Haladu ya tafi, wa zai taɓa mana inji? Ni ɗin da in sukuru ya faɗi ƙasa sai na kira taro kafin a gano shi?

Washegari na samu Dokta Tanimu, malamin kwaleji, shi ma ɗan ƙungiya ne. Dokta ne na takarda, ba na allura ba, kuma in ya fara bayani sai ka nemi abin zama. Amma ranar ya kawo magana mai kyau. Ya ce a wuraren da wannan wasa ya kafu, ana ware ajin tsere ne a ce kowa inji iri ɗaya zai sa, mai kuɗi da talaka, sai hannu ya raba gardama. Na ce to wane iri za mu zaɓa? Ya fara zana min wasu layuka a bayan takarda, na ce masa ya bari, mu je wurin Haladu.

Haladu bai yi dogon surutu ba. Ya ɗauko wani tsohon inji ya kwance, ya zaro cikinsa ya nuna mana wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin ƙarfe.

Ya ce, “Wannan shi ne naɗi. In wayar mai kauri ce, naɗin kaɗan, inji gudu yake kamar hauka. In siririya ce, naɗin da yawa, sai ya yi sanyi, ya riƙa tafiya a hankali. Yawan naɗi, ƙarancin gudu.”

Na ce, “Na Alhaji nawa ne?”

“Tara.”

“Namu fa?”

“Wani ashirin da uku, wani talatin da biyar. Naka ma ban san abin da za a kira shi ba.”

Na ƙyale wannan cin fuskar. Muka tsaya a kan mai naɗi ashirin da bakwai, don shi ne ake samu a ko'ina, ba ya cin batir, kuma in ya ƙone Haladu zai iya sake naɗa shi. Saura babban aiki: wa zai gaya wa mai fili cewa za a cire masa fiffike?

To, ana cikin haka ne aka yi wa Alhaji Ilu sarauta. Wani dagaci a ƙauyen kakanninsa na wajen uwa ya naɗa shi Garkuwan 'Yan Tayil. Kada ku tambaye ni wane yaƙi 'yan tayil suke yi da har suke bukatar garkuwa, ni ma ban sani ba. Ni na ɗinka masa rigar naɗin, don haka ba zan yi yawan magana ba. Amma tun daga ranar, mutumin nan bai sake yarda iska ta taɓa masa ƙeya ba. Gidan mai, da rawani. Banki, da rawani. An ce har wurin likitan haƙori sai da aka roƙe shi ya sassauta amawali kafin a ga bakinsa. In ka ce masa Alhaji ba ya waiwayowa. Motar rimot ɗin ma sai da aka rubuta mata GARKUWA 1 a gefe da ruwan zinare.

Na kira taro ranar Asabar da hantsi a ƙarƙashin rumfar. Garkuwa ya hakimce a kujerar tsakiya, mu biyar muka kewaye shi. Na buɗe da addu'a mai ɗan tsawo, don ina jan lokaci. Sannan na miƙa wa Dokta.

Dokta ya tashi da takardu shafi huɗu. Ya fara daga tarihin lantarki. Jatau mai kemis ya yi hamma har sau uku, sannan ya katse shi ya ce shi a ganinsa a cire injin na'urar busar da gashi a sa wa kowa, matarsa tana da guda biyu da ba ta amfani da su. Aka yi masa caa. Wani ya ce a yi ƙuri'a, wani ya ce ƙuri'ar me, ba a ma faɗi abin da za a zaɓa ba. Shi dai Garkuwa yana ta kaɗa ƙafa, fuskar nan a murtuke.

Can ya ce, “Wato in na fahimce ku, so kuke kowa gudunsa ya zama ɗaya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, don dai a samu armashi.”

“Armashin me? Wannan ai ba tsere ba ne, jerin gwano ne. Ni na hana wani ya sayi inji mai kyau? Ku dai ku fito fili ku ce kun gaji da ganin bayana.”

Na kalli ƙofar harabar, na kalli daɓen nan mai sheƙi, na ce a raina shi ke nan, mun yi bankwana. Dokta kuwa, da yake ba ya gane yanayi, sai ya ci gaba da karatu kamar ba a yi komai ba: “Saboda haka kwamiti yana ba da shawarar kowane ɗan ƙungiya ya yi amfani da inji mai naɗi ashirin da bakwai.”

Ƙafar Garkuwa ta daina kaɗawa.

Ya ce, “Mai me?”

“Mai naɗi ashirin da bakwai, ranka ya daɗe.”

“Naɗi? Au, inji ma naɗi ake yi masa?”

“Ƙwarai kuwa. Kowane inji da adadin naɗinsa.”

Ya gyara zama, ya shafa rawaninsa. Na ga idonsa ya kawo wani haske da ban taɓa gani ba. Ya ce, “To yanzu kuka zo da magana. Amma tsaya. Kowa ashirin da bakwai? Har ni?”

Dokta ya ce, “Ai ma'anar dokar ke nan.”

“A'a, Dokta. Boko daban, sanin ya kamata daban. Ni da aka naɗa a gaban jama'a, aka yi kiɗa aka yi busa, a ce naɗina ya zo daidai da na tela da mai gyaran fanka? Ina aka taɓa yin haka? Na yarda da dokarku, kowa ya sa ashirin da bakwai. Amma injin uban ƙungiya dole naɗinsa ya fi na kowa. In kun yarda, Lawandi ya rubuta. In ba ku yarda ba, ga ƙofa nan.”

Jama'a, na taɓa jin shiru a rayuwata, amma ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Jatau ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kafaɗunsa suna rawa. Dokta ya buɗe baki, ya ɗaga yatsa, ya ce, “Amma a kimiyyance…” Na ɗora dugadugina a kan babban yatsan ƙafarsa na danna da duk nauyin da Allah ya ba ni. Ya yi wata 'yar ƙara ya koma ya zauna.

Sai Haladu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba. Shi ba ya iya cin amana, ko ta wasa ce. Ya ce, “Ranka ya daɗe, yawan naɗin nan fa ba alheri ba ne ga…”

Garkuwa ya ɗaga masa hannu. “Haladu! Har da kai? Tun ranar da aka yi min naɗin nan nake jin irin wannan magana a gari. Wai me zai yi da naɗi, wai naɗin ya yi masa yawa. Ban zaci kana cikin masu baƙin ciki ba.”

Haladu ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Na dai faɗa.”

Na zaro biro. Na ce, “To nawa za a rubuta, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “A ninka nasu.”

Jatau ya ɗago da hawaye a idonsa, ya ce, “Haba, ranka ya daɗe! Hamsin da huɗu? Ai wannan na mai unguwa ne.”

“To sittin.”

“Garkuwa guda? A gaskiya ni dai ban ji daɗi ba.”

“Saba'in.”

Wani daga gefe ya ce, “A cika dai, a cika.”

Garkuwa ya juya wurin Haladu ya ce, “Kai, nawa ne iyakar abin da injin zai ɗauka?”

Haladu ya ce, “In wayar siririya ce sosai, tamanin.”

“Rubuta tamanin!”

Na rubuta. Doka ta ɗaya, kowa naɗi ashirin da bakwai. Doka ta biyu, uban ƙungiya naɗi tamanin, kuma babu wanda ya isa ya kamo shi. Wannan jimlar ta ƙarshe shi ya sa na ƙara da bakinsa. Ya karɓi biro ya sa hannu, ya zaro hatimin sarautarsa daga aljihu ya buga a ƙasa.

Kada ku zaci a nan ya tsaya. Ya ce bai yarda a yi masa oda daga waje ba, kada a yi masa ƙwange. Haladu ne zai naɗa da hannunsa, kuma shi zai zo ya ƙirga da idonsa. Ranar Talata da safe ina shago aka ce min in zo in ga abin mamaki. Na tarar da jif ɗin Garkuwa ta toshe layin 'yan katako, shi kuma yana zaune a kan benci a rumfar Haladu, tsakanin matattun fankoki, da babbar riga da rawani, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin amawali. A hannunsa carbi. Haladu yana zagaya waya, shi yana jan ƙwaya ɗaya. “Talatin da takwas. Talatin da tara. Tsaya, wannan bai zagayo duka ba, sake.” Masu wucewa suka ɗauka wuridi yake yi, har wata tsohuwa ta tsaya ta ce Malam a sa mu a addu'a.

Kuma fa cikin injin fuska uku ne, kowace sai an yi mata tamanin. Har azahar suna abu ɗaya. Da aka gama, kafin Haladu ya liƙe bakin wayar, ya sake ɗagowa ya ce, “Ranka ya daɗe, tun ban liƙe ba. Ko in rage?”

Garkuwa ya dube ni ya ce, “Ka ji ko, Lawandi? Hassada ba ta ɓoyuwa.” Ya juya ya ce, “Liƙe!”

Na ce ko za a ɗan gwada motar kafin Lahadi. Ya ce a'a, ba ya son 'yan leƙen asiri su ga gudunta su karaya su ƙi zuwa. Ya naɗe injin a farin ƙyalle ya tafi da shi.

Gaskiya daga nan dariyata ta fara komawa ciki. Na ce, “Malam Haladu, ranar Lahadi fa asiri zai tonu. Mutumin nan in ya ji kunya, rufe ƙofa zai yi. Ina za mu koma?”

Ya ce, “Ni abin da aka sa ni na yi.”

“Na sani, amma me za mu ce masa?”

Ya ɗauki wata fanka ya ci gaba da kwancewa. Jimlolinsa na ranar sun ƙare.

Lahadi ta zo. Labari ya riga ya zaga, duk waɗanda suka gudu sun dawo, mai surukar da ba lafiya ma ya ce ta warke sarai. Mu goma sha huɗu cif, kowa da sabon inji, Haladu ya duba ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Abin da ban yi tsammani ba shi ne gayyar da Garkuwa ya yi. Ya ɗauko wakilin dagacin da ya naɗa shi, wani dattijo mai farin gemu, da wasu masu rawani uku, aka jera su a kujerun gaba a kan darduma. Ga surukansa, ga abokan kasuwa. Ga kuma maroƙi da lasifika a rataye a kafaɗa.

Aka jera motoci a kan layi, GARKUWA 1 a tsakiya an goge ta tana ɗaukar ido. Zagaye goma za a yi. Maroƙi ya fara: “Ga walƙiya ta 'yan tayil! Ga guguwa mai share fili! Ku kauce, ku kauce, mai naɗi tamanin zai wuce!”

Na hura usur.

Motoci goma sha uku suka fita kamar an watsa wa kaji tsakuwa. Ta Garkuwa kuwa ta ɗan yi tunani tukuna. Sannan ta ɗaga, a natse, kamar dattijo mai ciwon baya zai je alwala.

Maroƙi bai lura ba, idonsa a rufe yake. “Ta tashi! Ta tashi! Ido ba ya ganinta!” Da ya buɗe ido ya gan ta a gabansa, ko taku biyar ba ta yi daga layi ba, sai muryar ta fara sauka. “Guguwa… guguwa tana shiri…” Ya kalli Garkuwa, ya kalli motar, ya kashe lasifikar ya yi kamar batir ne ya mutu.

Garkuwa ya danna rimot har babban yatsansa ya yi fari. Ya girgiza shi. Ya ɗaga shi sama kamar mai neman sabis. Ya karkata jikinsa gaba yana tura iska da kafaɗa. A banza. Haladu ya zagayo ya wuce ta, Dokta ya wuce ta, ni ma da nake tuƙi kamar mai ɗinkin hannu na wuce ta. Muka sake zagayowa muka sake wuce ta. Jatau, ɗan banza, duk sanda ya zo wucewa sai ya rage gudu ya ce, “Allah ya ja zamani,” sannan ya taka. Amma in faɗi gaskiya, ranar ce rana ta farko da motar Garkuwa ta sha kowace kwana ba ta taɓa taya ko ɗaya ba.

Na ji wakilin dagaci ya karkato yana tambayar na kusa da shi, “Wai wacce ce tamu?”

Aka ce, “Waccan ta bayan, ranka ya daɗe.”

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “To, Allah ya kawo ta lafiya.”

Tsere kuwa ya yi daɗin da bai taɓa yi ba. Mota huɗu suka shiga kwanar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, mutane suna ihu, Haladu ya lallaɓa ta ciki ya fito a gaba da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Na ɗaya! Na ga haƙoransa a waje, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Ni na zo na shida, kuma ban taɓa jin daɗin na shida irin na ranar ba. A lokacin GARKUWA 1 tana cikin zagaye na uku.

Kuma ya ƙi tsayawa. Muka kwashe motocinmu, muka tsaya cirko-cirko, fili ya zama nata ita kaɗai, tana ta tafiya abinta. Sai da ta shiga na biyar ya sauke rimot. Ya ajiye shi a kan kujera a hankali. Ya kira mai gadi ya ce, “Rufe ƙofar nan, ka kawo min makulli.”

Muka ji ƙarar kwaɗo. Na ce inna lillahi, yau ƙungiya ta zo ƙarshe, kuma ni ne na taka ƙafar Dokta.

Ya ce, “Haladu, zo nan.”

Haladu ya zo gaban darduma ya cire takalmi ya durƙusa.

“Ka kunyata ni a gaban iyayen ƙasa. Ka kunyata ni a gaban surukaina. Yanzu a gabansu za ka faɗa min abin da ka yi wa motata. In amsarka ba ta gamsar da ni ba, wallahi daga yau ko keken yara ba zai sake taka daɓen nan ba. Ku koma bakin tasha tirela ta ƙarasa ku.”

Dokta ya matso da takardunsa ya ce, “Ranka ya daɗe, abin da ya faru shi ne, ƙarfin maganaɗisu…”

“Kai, rufe min baki! Da wanda ya naɗa nake.” Ya juya. “Naɗi nawa ka yi min?”

Haladu ya ce, “Tamanin, ranka ya daɗe. Kai ka ƙirga.”

“Nasu fa?”

“Ashirin da bakwai.”

“To tsakanina da su wa ya fi naɗi?”

“Kai ne, ranka ya daɗe. Nesa ba kusa ba.”

“To don me kowane ɗan iska ya zo ya wuce ni, har da tela? Don me ta ƙi gudu?”

Haladu ya ɗago kai. Ya kalli wakilin dagaci, ya bi masu rawanin nan uku da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dunƙule hannu ya yi jinjina.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin Garkuwa, ga manya nan a zaune, a tambaye su. A ina aka taɓa ganin mai naɗi yana gudu?”